Katin Yayana

An kama ni a Tamanrasat ta Aljeriya da katin yayana a aljihu, aka koro ni gida, na dawo babu yatsu biyu a ƙafar hagu. Abin da ya faru ke nan. Tun da na dawo ake tare ni a bakin masallaci da wurin mai shayi: "Isiya, yaya can ɗin take? Da gaske a hamada ake zubar da mutane?" Na gaji da maimaitawa. Ban yi lakwal ba, ban iya rubutu ba, don haka na zauna gaban mai rubuta wa mutane takardu a bakin meri, ofishin magajin gari, na ce ya rubuta yadda na faɗa, kada ya yi mini kwalliya. Mai son ji ya sa a karanta masa.

Ƙauyenmu yana gefen Gabi. Mu huɗu ne maza a gidanmu, katin ɗan ƙasa ɗaya gare mu, na Lawali babbanmu. Ya yi shi ne lokacin da aka ce sai da kati za a ba da takin zamani. Mu sauran ko takardar haihuwa ba mu da ita. Babanmu ya yarda duk wanda gwamnati ta rubuta sunansa, wata rana za ta zo neman wani abu a wurinsa. Katin yana zaune cikin gwangwanin madara a ɗakin innarmu, wanda zai yi nisa shi ke ɗauka. Ba mu kaɗai ba, gidaje da yawa haka suke yi. Ci-ranin Najeriya ba ruwansa da kati, ka bi ta gonaki ka ɓulla Jibiya. Sai in arewa za ka.

Lawali yana da zane a kumatu, irin na gidanmu. Ni ba ni da shi. Kafin a haife ni wata jaririyar innarmu ta mutu bayan aska, daga nan ta ce wanzami ba zai ƙara taɓa fuskar ɗanta ba. Amma hoton katin ya sha gumi da damina, hula da baƙin fuska kawai ake gani. Da Lawali ya miƙo mini ya ce, "Ka dawo mini da abuna yadda na ba ka." Na ce to.

Gero bai yi ba a shekarar. Na bi Bizo, wani dattijo mutumin Gabi da ya je Aljeriya sau uku. Shi katinsa nasa ne. Tun a tashar Maraɗi ya ce mini, "Daga yau kai ne Lawali. Ko a mafarki aka kira Isiya, kada ka waiga."

Kafin Tawa jandarma suka tsayar da motar, suka karɓe katunan kowa, suka shiga rumfa suna kiran suna ɗaya ɗaya. Ina tsaye ina kallon wata mai sayar da dafaffen ƙwai. Aka kira Lawali Abdu. Aka sake kira. Har raina na ce wane ne wannan mai sunan yayana. Sai na ji gwiwar hannun Bizo a haƙarƙarina.

"Kai kurma ne?" in ji jandarman.

"Ranka ya daɗe, barci ne."

"A tsaye?"

"Bagobiri ne," in ji Bizo. "Su ko a kan jaki barci suke."

Jandarman ya yi dariya ya jefo mini katin. Ni ba Bagobiri ba ne, amma ban yi gardama ba.

A Agadas mun kwana huɗu a gidan direban da zai kai mu iyaka, wani Ba'abzine mai suna Ahmadu. Tsakar gida ce da tabarmi, mu wajen talatin. Abinci shinkafa da mai da albasa, safe da yamma. Ahmadu ba ya son magana, amma in ya ɗora shayi bakinsa kan buɗe. Ya ce an taɓa kafa dokar da ta hana ɗaukar baƙi zuwa arewa, aka kama shi, aka ƙwace motarsa, ya yi zaman kaso. Daga baya aka cire dokar, aka sake shi.

"Ni ban canza ba," in ji shi. "Hanya ba ta canza ba. Takarda ce ta canza a Yamai. Jiya ni ɓarawo ne, yau direba."

Na tambaye shi gobe fa. Ya ce in sha shayina.

Bayan Arlit babu kwalta. Aka loda mu a bayan ƙaramar mota, kowa ya riƙe sanda da aka soke tsakanin kaya, ƙafafu a waje. Wanda ya saki sanda ya faɗi. Ba mu bi ta wurin masu duba takardu ba, don can fasfo ake tambaya, kuma ko Bizo ba shi da shi. Ahmadu ya sauke mu bayan wani tudun rairayi, ya nuna mana da hannu, ya juya. Muna cikin tafiya muka ji ƙarar mota. Bizo ya ce kowa ya kwanta. Na kifa fuskata a rairayi da tsakar rana, yana ƙona ni kamar kaskon tuya, ban motsa ba. Wani a gefena ya yi fitsari a wando. Ba wanda ya yi masa dariya, ko daga baya.

Tamanrasat gari ne mai tsabta, da fitilu, da sanyin da ke shiga ƙashi. Bizo ya kai ni shantiye, wurin da ake gina bene mai hawa uku. A nan muke aiki, a nan muke kwana, a ɗakin ƙasa da ba a sa wa ƙofa ba. Mutanen can ba su san doguwar gaisuwa ba. Ka ce ina kwana, kafin ka kai ga iyali da gajiya mutum ya wuce. Amma maza kan sumbaci juna a kumatu, abin da in ka yi a kasuwar Gabi sai an tara maka jama'a. Burodi ne tuwonsu, dogo kamar taɓarya. Ba sa yar da shi a ƙasa. Wanda ya rage sai su sa a leda su rataye a bango don mai buƙata. Mun ci na bango da yawa. Na yi wata biyar ban ga fura ba.

Ma'aikata iri biyu ne a shantiyen. Akwai ƴan ƙasa masu takarda: hular ƙarfe, takalmi mai tauri, hutun Juma'a, kuma in rana ta yi sanyi su wanke hannu su tafi. Akwai mu, da silifa. Wanda ya bayyana mini abin shi ne Mamadu, magini ɗan Gine, wanda nake miƙa wa bulo. Ya yi karatu, ya iya Faransanci, ya tsinci Hausa a Agadas. Hausarsa kamar ana jan akuya, amma ana ganewa.

"Doka ta ce maigida ya ba ma'aikaci takalmi," in ji shi. "In ya ji ciwo, ya kai shi likita."

"To mu fa?"

"Kai ba ma'aikaci ba ne."

"Me nake yi tun safe?"

"Kai babu kai. Ni ma babu ni. Wannan bene aljanu ke gina shi."

Akwai wani ma'aikacin gwamnati da kan zo duba ko ana bin dokar aiki. Maigidanmu yana tsoronsa ƙwarai. Na yi mamaki, mutum mai motoci uku yana rawar jiki gaban wani siriri mai jakar takardu. A garinmu mai kuɗi ba ya tsoron kowa sai wanda ya fi shi. Ranar da mutumin zai zo, sai a tura mu cikin ramin ajiyar ruwa da ke ƙarƙashin ginin, a ja murfin ƙarfe. Mu tara, ruwa har gwiwa, duhu, ba tari, ba motsi. Muna jin takalminsa a kanmu. An turo shi ne don ya kare ma'aikata, mu kuwa daga gare shi muke ɓuya, don in ya gan mu maigida tara zai biya, mu kuma mota za a sa mu.

A cikin ramin nan na taka ƙarfen rodi. Ya shiga ta ƙarƙashin yatsu ya fito ta sama. Ban yi ihu ba. Na ciji rigar Bizo har ta yage. Sai da aka buɗe murfin suka ga ruwan ya yi ja.

Maigida ya kawo ƙwayoyi a takarda ya ce kada a kai ni ko'ina. Mamadu ya ce likitocin can ba sa korar kowa, amma tsakaninmu da likita akwai titi, a titin akwai ƴan sanda. Na ce a bari. Shi ya riƙa wanke mini da ruwan gishiri safe da yamma. Kwana shida ƙafar ta kumbura kamar tulu, yatsu biyu suka yi baƙi, wari ya fara. Bizo ya daina kallon ƙafar in yana mini magana.

Rana ta bakwai da hantsi motoci suka kewaye shantiyen. Masu ƙafa suka gudu, aka kamo su. Ni a kwance aka same ni. Aka karɓe wayoyinmu da abin da ke aljihu, aka bar mana takardu. Maigida yana tsaye can nesa yana waya, bai dube mu ba.

Aka kai mu wani babban fili mai katanga da rumfunan kwano, cike da baƙaƙen mutane, har mata da goyo. A nan na ji yadda abin yake. Akwai yarjejeniya tsakanin ƙasarmu da tasu. Ɗan Nijar, a sa shi a babbar mota a kai shi har Asamaka, garinmu na bakin iyaka, a miƙa shi hannun hukumar ƙasarsa. Wanda ba ɗan Nijar ba, a kai shi bakin iyaka a sauke shi cikin rairayi, a nuna masa Asamaka da yatsa, ya taka. Waɗanda suka taɓa yi sun ce mai lafiya kan yi rabin yini. Na dubi ƙafata. Ko bayan gida sai Mamadu ya goya ni.

Kwana biyu muna nan, sai ga wani ɗan Nijar daga gidan jakadanmu, mai furfura da tabarau, an ajiye masa tebur. Shi ke tantance wane ne namu. Wanda ya yarda da shi ya yi dama, wanda bai yarda da shi ba ya yi hagu. Bizo ya matso kunnena.

"Ka riƙe sunan nan da haƙori. Ko ya rantse maka da Alƙur'ani, kai ne Lawali. Katin wani laifi ne, ɗauri ake yi."

Bizo ya wuce, ya yi dama. Mamadu ya kai ni gaban tebur ya tsayar da ni a ƙafa ɗaya.

"Suna?"

"Lawali Abdu."

"Daga ina?"

"Gabi, Madarunfa."

Ya ɗaga katin ya karkata shi wajen rana. Ya lashi babban yatsansa ya goge hoton. Ya daɗe yana dubawa. Duk jandarman da ke hanya ba wanda ya yi haka.

"Mai wannan kati yana da zane. Ina naka?"

"Ya goge, ranka ya daɗe."

"Zane ya goge." Ya cire tabarau. "Malam, shekarata nawa ina wannan aiki. Mutanen Jibiya da Katsina suna sayen katunanmu a kasuwa. Bakinku ɗaya da na Maraɗi, ba na iya raba ku da kunne. Nawa ka saya?"

"Nawa ne."

"Hagu."

Ya ajiye katin gefe ya kira na baya. Mamadu ya ja ni muka yi hagu, ya zaunar da ni a ƙasa. Na hango Bizo a ɗaya gefen ya dafe kai. Mamadu ya ce kada in damu, zai goya ni. Na dube shi. Mutum ne ƙarami, kuma tari yake tun cikin ramin ruwa. Na san inda za mu kai: zai goya ni har ya gaji, sannan ko ya ajiye ni ko mu kwanta tare.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan zama ba. Ba mutuwar ba ce kawai. Na tuna in na mutu a rairayin nan, ba wanda zai je ya gaya wa innarmu, don ba a rubuta kowa a hagu. Ɗauri kuwa, ko shekara nawa ne, a ƙasarmu ne, ana kai wa mutum fura.

Na rarrafa na koma gaban tebur. Wani ɗan sanda ya ɗaga kulki, mai tabarau ya ɗaga masa hannu.

"Ƙarya na yi. Sunana Isiya. Katin na yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

"Naka fa?"

"Ban taɓa yi ba."

"Takardar haihuwa?"

"Babu."

"To da me zan san kai namu ne? Doka ta ce ɗan ɗan Nijar ɗan Nijar ne, ko da takarda ko babu. Amma ni ba a ce in yi duba ba. Kawo mini wani abu."

Na ce ga Bizo. Ya ce abokin tafiya ba shaida ba ne, kowa a nan yana da Bizonsa. Ya tambaye ni ko na san lambar wayar mai katin. Ita kaɗai na haddace a duniya. Ya ciro wayarsa ya buga, ya buɗe murya ya ajiye a tebur.

Na san Lawali. In ya hango rigar jandarma a kasuwa, hanya yake canzawa. In baƙuwar murya ta tambaye shi kati, abin da zai fara zuwa bakinsa shi ne ya ɓace, ko an sace. Kowa a ƙauyenmu haka zai ce. In ya faɗi haka, na zama ɓarawon kati, kuma hagu.

Ta yi ƙara har sau biyar. Sai na ji muryarsa, da kukan awaki a baya.

"Salamu alaikum, wa ke magana?"

"Hukuma ce. Kai ne Lawali Abdu?"

"Ni ne."

"Ina katinka na ɗan ƙasa?"

Na buɗe baki, mai tabarau ya nuna ni da yatsa. Na rufe. Ina jin numfashin Lawali. Ina jin awaki.

"Malam Lawali, da kai nake. Ka san ba da kati aro laifi ne. Ina katinka?"

"Ranka ya daɗe..." Ya tsaya. "Yana hannun ƙanena Isiya. Ni na ba shi da hannuna, ba ɗauka ya yi ba. In abin ɗauri ne ga ni a gida." Sai muryarsa ta karye. "Gawarsa kuka tsinta?"

"Yana da zane?"

"Ba shi da shi. Inna ta hana. Don Allah, gawarsa ce?"

Mai tabarau ya turo mini wayar. Na ce, "Yaya, ni ne." Shi kuwa salati kawai yake.

Mutumin ya rubuta wata takarda da sunana, ya sa na dangwala yatsa. Ya ce katin Lawali ba zai koma ba, zai aika da shi, kuma mu biyun mu kai kanmu gaban hukuma a Madarunfa. Ya ce, "Ku mutanen karkara kuna kashe kanku da kanku. Dama."

Bizo ya zo ya ɗauke ni. Na waiga wajen Mamadu. Yana zaune inda na bar shi. Ya ɗaga mini hannu ya ce, "Isiya, ashe sunanka ke nan. Wata biyar kana cin burodina da sunan wani." Na ce ya yafe mini. Ya ce in gaida Lawali na gaskiya. Na ba shi silifana, tunda ni ba taka ƙasa zan yi ba, nasa kuma sun tsinke.

Motocin ƴan hagu suka riga namu tashi. Mu muka bi washegari, a tsaye kamar shanu, ni a zaune kan ƙafafun mutane. Da muka kusa iyaka na ga sawun ƙafafu a rairayi, da yawa, da ledoji da takalma ɗaiɗai. A Asamaka akwai rumfar likitoci. A nan aka yanke yatsun, aka ce da na ƙara kwana biyu da ƙafar duka ce. Kwana tara na yi a can. Kullum sai na sa Bizo ya zaga cikin waɗanda suka iso da ƙafa ya tambayi Mamadu ɗan Gine, magini. Ya samo Mamadu uku, ba nawa a ciki. Wani ya ce ya ga mai tari an wuce da shi Arlit. Wani ya ce bai gani ba. Iyakar abin da na sani ke nan, kada a ƙara tambayata.

Daga Asamaka aka kawo mu Agadas, daga nan kowa ya nemi garinsu. Da na iso, innarmu ta dubi ƙafar ta shiga ɗaki. Lawali bai tambaye ni katinsa ba.

Mun kai kanmu kamar yadda aka ce. Lawali ya sa rigarsa ta Salla, ya yi sallama da matansa kamar ba zai dawo ba. Aka yi mana faɗa mai yawa, aka rubuta, aka ce mu tafi, in an neme mu mu zo. Har yau ba a neme mu ba, kuma har yau in babur ya tsaya a ƙofar gida Lawali kan miƙe tsaye. Aka ce ni in je gaban alƙali da shaidu biyu a yi mini takardar haihuwa. Na je da mai gari da kawuna. Alƙali ya tambayi shekarar da aka haife ni. Kawu ya ce shekarar da rijiyar gabas ta rufta. Mai gari ya ce a'a, bayanta da damina biyu. Suka yi ta musu har alƙali ya buga tebur ya zaɓa mini shekara da kansa. Na kawo ƙannena biyu su ma an yi musu.

Masu tambayata ko su tafi, ba na cewa su tafi, ba na cewa su zauna. Yunwa ba ta shawara da ni. Na ce dai kowa ya tafi da sunansa.

Yanzu ina Madarunfa, gidan kawuna. Noma ya fi ƙarfin ƙafar tukuna, ina gyara wa masunta koma, ragar kamun kifi, a bakin tabki. Katina na ɗan ƙasa da na nema bai fito ba, an ce in dawo bayan Salla. Takardar alƙali tana aljihuna cikin leda. Ban iya karanta ta ba, amma an nuna mini inda aka rubuta Isiya Abdu.